Baki daban, rubutu daban

Mai sauraro, ka lura? A Nima ko Maamobi, sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya, kafin a taɓa ciniki. Amma a imel, layi biyu, shi ke nan. Dalili? Baki na da murya da fuska. In ba a gane ba, nan take a tambaye ka. Rubutu kuwa shaida ne, yana kwana.

Tun 2007 Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, amma har yau wani zai ce maka "miliyan ɗaya", nufinsa sidi 100. Rubuta wa dillalinka na Maraɗi haka, ka ga rigima! Don haka gaisa da baki, amma farashi da ranar biya, rubuta su da lamba.