Ɗanki Na Son Ɗaukar Hoton Tsuntsaye? Ga Yadda Za Ki Zaɓar Masa Gilashin Kyamara

Uwargida, idan kina da matashi a gida mai sha'awar hoto, wataƙila ya riga ya fara yi miki maganar "gilashi mai jawo nesa kusa". A yankinmu na Maradun, Talata Mafara da Bakura, wannan sha'awa tana da dalili. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta tara tsuntsaye iri-iri: balbela, zalɓe, kirinjijiya da shirwa. Shamuwa na zuwa da farkon damina, lokacin sanyi kuma wasu tsuntsayen na tsallako Sahara daga Turai. Sai dai kayan hoto na da tsada, kuma ba kowane gilashi ne zai yi aikin ba.

Fara da duba lambar da ke jikinsa. Gilashin da ake sayarwa tare da kyamara galibi 18-55mm ne. Ya isa hoton suna da na biki, amma zalɓe zai fito kamar ɗigon tawada. Tsuntsu na buƙatar aƙalla 300mm, don haka 70-300mm shi ne daidai ga mai koyo. Ba shi da nauyi, kuma a ƙananan kyamarorin Nikon yana jawowa kamar 450mm, a na Canon kamar 480mm. Akwai 150-600mm na Sigma ko Tamron da ƙwararru ke so, amma nauyinsa ya kai wajen kilo biyu, kuɗinsa ma ya ninka. Ki bari sai yaro ya nuna da gaske yake.

Abu na biyu, bakin gilashin dole ya dace da kyamarar. Na Canon ba ya shiga Nikon, kuma ko a kamfani ɗaya tsoho da sabo sun bambanta: EF da RF a Canon, F da Z a Nikon. A tafi da kyamarar shago a gwada kafin a biya.

Na uku, a nemi mai rage girgizar hannu. Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR. Duk yadda gilashi ya ƙara jawowa, haka rawar hannu ke ƙara ɓata hoto.

Idan na hannu za a saya, a ɗaga shi sama a leƙa cikinsa da fitilar waya. Ƙura kaɗan ba matsala ba ce, amma in an ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta kama shi, a bar shi. Bayan an saya, a riƙa rufe shi cikin jaka lokacin hunturu, kada a canza gilashi a fili iska na kaɗawa. Ƙananan gilasan da ake maƙala wa waya kuwa, na wasa ne kawai. Hotonsu dishi-dishi yake fitowa.

Yanzu bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Yaron da gilashinsa ba ya jawowa, ƙafarsa ce za ta yi aikin: zai kutsa cikin ruwa don ya matso kusa. Ruwan madatsa da magudanun noman rani su ne matattarar ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ba tare da an ji komai ba. In kin ga jini a fitsarin ɗanki, ki kai shi asibiti. Akwai magani mai suna praziquantel. Ga kuma macizai a cikin ciyawar bakin ruwa, don haka takalmi rufaffe wajibi ne.

Batun tsaro ma kin san halin da yankinmu ke ciki. Kada ya shiga daji, kada ya fita shi kaɗai, kada ya kai magariba a waje. Ya fara da kurciya da buwa a bishiyar ƙofar gida da sassafe, lokacin da haske ya fi kyau. In hannunsa ya faɗa, sai wani babba ya raka shi bakin ruwa kusa da gari.

Allah Ya raya mana su, Ya tsare su.