Hanyar da Ba Ta Karɓar Tirela

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wata hanyar jiha mai lamba 82, wadda ta taso daga garin Glenwood Springs, ta ratsa Aspen, sannan ta kama hawan tsauni har ta kai mashigin da ake kira Independence Pass, mita 3,687 sama da teku. A can ƙololuwa ruwa ke rabuwa biyu: wanda ya gangara yamma ya faɗa kogin Kolorado, wanda ya yi gabas ya bi kogin Akansas zuwa Misisifi.

Ba injiniyoyi ne suka zaɓi inda hanyar ta bi ba, masu haƙar ma'adinai ne. A ranar 4 ga Yuli, 1879 aka tono zinariya kusa da mashigin, nan take gari ya tashi. Aka sare turba a jikin dutse domin alfadarai da keken doki, mai wucewa ya biya kuɗin shinge. Da jirgin ƙasa ya isa Aspen a 1887 sai turbar ta zama kufai, har sai da jiha ta farfaɗo da ita a shekarun 1920. Kwalta kuwa sai a 1967 ta hau.

Amma kwalta ba ta faɗaɗa dutse. Gabas da Aspen akwai wurin da hanyar ta tsuke har mota biyu ba sa iya giftawa: dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya. Dole direba ya lafe ya jira na gaba ya wuce, yana kallon madubinsa na neman gogar dutse. Shi ya sa doka ta hana duk motar da tsawonta ya haura ƙafa 35 hawa, kuma tarar ba ta wasa ba ce.

To, ita taswirar waya ina ruwanta da wannan? Layi kawai take gani, gajere, sai ta ce a bi. A watan Agustan 2020 gobarar daji ta rufe babbar hanyar I-70 a kwazazzabon Glenwood har tsawon mako biyu. Matafiya suka kwararo ta mashigin, har da manyan motoci, suka maƙale a kwana, ba gaba ba baya. Sai da hukuma ta rufe hanyar na ɗan lokaci. A ganina laifin bai tsaya kan waya ba. Allunan gargaɗi na nan tun daga gindin tsauni, amma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Da ma rabin shekara hanyar a garƙame take. Dusar ƙanƙara kan sa a ja ƙofa wajen farkon Nuwamba, ba a buɗewa sai ƙarshen Mayu. Mutanen garin zinariyar nan sun ɗanɗana wannan tun 1899, lokacin da ƙanƙara ta toshe su, abinci ya ƙare. Katakon ɗakunansu suka ɓalle, suka ɗaura a ƙafa, suka zame har Aspen.