Tsintuwa da Duna: Karnuka Biyu da Suka Zauna da Mu

Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Wataƙila haka ne ga mage. Amma ni na ga tsintaccen kare ya yi kare har sau biyu, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Ɗaya ta tsufa ta mutu cikin salama. Ɗayan kuwa sakacina ne ya kashe shi. Bari in ba ku labarinsu, 'yan'uwa manoma, gama akwai abin koyo a ciki ga kowace ƙungiyarmu.

Shekarar Fari

Manya ba su manta da 1984 ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Kafin nan, a 1983, ciwon bushiya ya kashe shanu da yawa. Mutane suka rufe gidaje suka tafi ci-rani, aka bar karnuka suna yawo ba mai su. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka kafa Jihar Jigawa.

Wata Alhamis Baba ya kai awaki biyu kasuwar Maigatari don ya sayo hatsi. A hanyar dawowa ya ji kuka a gindin aduwa. Da ya duba sai ga 'yar kwikwiya kwance jikin uwarta, uwar ta riga ta mutu. Ya sa ta cikin jaka ya ɗaura a keke.

Inna ta ce, "Maigida, mu da ba mu ƙoshi ba, ka ƙaro mana baki?"

Baba ya ce, "Haba uwar yara, wanda yake ciyar da tsuntsaye bai manta da ƙofar gidan nan ba."

Inna ba ta ƙara magana ba. Amma ita ce ta fara zuba mata kunu a sakaina, ita ce kuma ta raɗa mata suna Tsintuwa.

Abin da Ta Sāka Mana

Ƙanzon tuwo da ruwa a kasko, shi ne dukan ladanta. Ga kuwa aikin da ta yi. Da dare tana kwana bakin turke, dila bai ƙara ɗaukar mana ɗan akuya ba. Da damina tana korar kurege daga gonar gyaɗa. Wata rana ƙanena zai sa hannu ƙarƙashin rumbu ya ɗauko ƙwai, sai ta sha gabansa tana gurnani. Da aka haska, ga kububuwa a naɗe.

Wani dare ɓarayi suka zo kwance ragunan maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi. Haushinta ne ya ta da unguwa. Tun daga ranar, in an kankare tukunya a gidansa, sai ya aiko yaro da rabonta.

Ran Lahadi takan bi mu har majami'a, ta kwanta a inuwar dalbejiya sai an tashi sujada. Duk sa'ad da malamin dabbobi ya zo zagaye, Baba yakan sa mata igiya ya kai ta a yi mata allura. Shekara 11 ta yi da mu. Da ta mutu cikin hunturu, Baba ya ƙi a ja ta zuwa juji. Ya haƙa rami a gindin gawo a bayan gona ya binne ta. Waɗansu suka yi dariya. Inna kuwa ta ɗauke kaskon ta kife, ranar ba ta yi hira da kowa ba.

Labarin Duna

Bayan na yi aure, wata rana na iske yara a bakin kududdufi sun ɗaure wani baƙin kwikwiyo suna jifa. Na ba su kuɗin ƙosai, na kwance shi. Muka kira shi Duna. Shi ne mai bin amalankena zuwa gona. 'Yata ta fari da jikinsa ta riƙa dafawa har ta koyi tafiya.

Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma ban kai shi allura ba. In an yi zancen sai in ce bari a gama shuka, bari a gama girbi. Haka shekara huɗu ta wuce.

Wata bazara wani baƙon kare ya shigo ƙauye yana dalalar da yawu. Duna ya tare shi a ƙofar gida, inda yara suke wasa, ya kore shi. Ɗan rauni ne kawai a kunnensa, muka shafa masa man shanu muka manta. Bayan kamar wata ɗaya sai halinsa ya sake. Ya ƙi abinci, yana tauna itace, muryarsa ta dushe. Yarinyar ta je ta rungume shi kamar kullum, sai ya cije ta a ƙafa.

Mun gode wa Allah matata ta ji koyarwa a Zumuntar Mata. Nan take ta yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Ran nan muka kai yarinyar asibiti a Gumel, aka fara mata allura, muka yi ta komawa har aka cika. Ragon da nake kiwo ya tafi. Yarinyar ta rayu, yau ita ma uwa ce. Duna kuwa muka kulle shi a ɗakin kaya, ya mutu a rana ta biyar, bai san muryata ba. Shi ya tsare yarana daga mahaukacin kare, ni kuwa ban tsare shi ba.

Mu San Wannan Ciwo

Haukan kare ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da take cikin yawu, tana shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Idan alamu suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ko dabba ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 suke mutuwa da shi kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Amma tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaron da aka ciza ta wurin allura. A ƙasarmu ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa.

Abin da Za Mu Yi

1. In ka tsinci kare, ka keɓe shi daga yara da dabbobi har malamin dabbobi ya duba shi. Kada ka taɓa wanda yake dalala ko tangaɗi.
2. A yi wa kwikwiyo allura yana wata 3, a maimaita kowace shekara.
3. In an yi cizo, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a jira a ga abin da zai faru.
4. In baƙon kare ya ciji naka, ka ɗaure shi, ka sanar da malamin dabbobi.
5. A ba kare abinci da ruwa kullum, a cire masa kaska. A hana yara jifa.
6. Ƙungiya ta rubuta karnukan membobinta, ta sa rana ɗaya ta gayyato malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. A gayyaci maƙwabta duka, gama cizo ba ya tambayar addini. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

A taronku na gaba ku karanta Karin Magana 12:10, inda aka nuna cewa ana gane adali ta wurin yadda yake lura da dabbarsa. Sa'an nan ku tambayi juna: karnuka nawa ne a gidajenmu, nawa ne kuma aka yi wa allura bana?

Har yanzu in na je noma gindin gawon nan, nakan tuna da su biyun. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar abin da ya sa a hannunmu. Amin.