Mabambanci: Lissafin Da Ke Faɗin Ko Tambaya Tana Da Amsa

Daga cikin darussan aljabara da ɗaliban manyan makarantun sakandare na Karaye da Rogo suke karantawa kafin jarrabawar WAEC da NECO, akwai daidaiton da ake kira kwadaratik, wato jimlar lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, inda x take wakiltar adadin da ake nema, a da b da c kuma lambobi ne sanannu, bisa sharaɗin kada a ta zama sifili. A cikin ƙa'idar warware shi akwai wani yanki, b² − 4ac, da ake kira mabambanci ko diskiriminan, wanda yake bayyana yawan amsoshin tun kafin a fara nemansu. Idan ya haura sifili amsa biyu ce, idan ya zama sifili amsa ɗaya ce, idan kuwa ya gaza sifili to babu amsa a cikin lambobin da ake awo da su. Dalili shi ne ƙa'idar tana neman tushen murabba'insa, wato lambar da za a ninka da kanta ta ba da shi, alhali babu lambar awo da za a ninka da kanta ta haifar da abin da ke ƙasa da sifili.

Amfanin wannan ya fi fitowa a gona. A ɗauka manomin rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, yana da wayar raga mai tsawon mita 40, yana son ya killace wurin renon irin albasa mai kusurwa huɗu don kada awaki su shiga. Tsawo da faɗi a haɗe mita 20 ne, saboda haka in tsawon x ne, faɗin zai zama 20 − x. Idan yana neman fili mai murabba'in mita 96, daidaiton shi ne x² − 20x + 96 = 0, mabambancinsa 400 − 384, wato 16, amsoshin kuma 12 da 8, waɗanda a ƙasa fili ɗaya suke nufi, bambancin kawai wane gefe aka kira tsawo. Idan ya nemi 100, mabambancin ya koma sifili, amsa ɗaya tak ta rage, mita 10 kowane gefe, kuma nan ne iyakar fili mai kusurwa huɗu da wayar za ta iya ɗauka. Idan ya dage sai 120, mabambancin ya faɗi zuwa −80, ma'ana ko ta ina ya ja wayar a siffar kusurwa huɗu ba za ta isa ba, gara ya ƙaro waya tun bai haƙa ramin dirka ba.

Wannan fahimta ta girmi alamomin da ake rubuta ta da su. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajajen shekarar 820, ya warware x² + 21 = 10x da kalmomi zalla, ya sami 3 da 7, sannan ya bayyana cewa in aka ninka rabin goman da kansa ya gaza lambar da ke tare da murabba'in, mas'alar ba ta yiwuwa, in kuma suka yi daidai, rabin shi ne amsa. A 1545 Girolamo Cardano na Italiya ya gwada raba 10 gida biyu da ninkinsu zai ba da 40, wanda tambayar manomin ce a wata siffa, ya ci karo da tushen −15, kuma daga irin wannan karo ne sababbin lambobin da injiniyoyin lantarki suke aiki da su yau suka samo asali. Sunan diskiriminan bai zo ba sai 1851, daga James Joseph Sylvester na Ingila.

Sai dai mabambanci yawan amsa yake faɗa, ba ya tantance wadda ta dace da tambayar, domin amsa tana iya fitowa ƙasa da sifili alhali tsawon shinge ake nema, dole a yar da ita. Nan ne haddar ƙa'ida kaɗai take kasawa, musamman a ajin da ɗalibi yake kokawa da Turanci da lissafi a lokaci guda. Ya kamata malaman lissafi na Karaye da Rogo su fita da ɗalibai filin makaranta da igiya mai mita 40 da turaku huɗu, su bar su su nemi fili mai murabba'in mita 120, kafin a rubuta b² − 4ac a kan allo.