Mai Asuwaki a Adidogomé

Tun kafin a yi kiran farko ranar Juma'a mai asuwaki ya riga ya shimfiɗa buhunsa a ƙofar masallaci. A Adidogomé, unguwar da ke yammacin Lome a kan hanyar Kpalimé, daf da iyakar Ghana, za ka same shi tsakanin mai turare da mai carbi, ya kasa kayansa kashi-kashi: busassu a gefe, ɗanyu masu ɓawo a gefe, sai na cikin leda da ya jera bisa kwali don kada ƙasa ta taɓa su. Wuƙa ba ta barin hannunsa. Yana amsa gaisuwarka yana kankare bakin wani.

Sana'a ce mai ɗan jari, shi ya sa ɗan ci-rani da ya sauka bai daɗe ba yakan fara da ita, dattijon da ƙarfi ya ƙare masa kuma yakan ƙare da ita. Amma sanin itace ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Mai sana'ar yakan sansana, ya lanƙwasa, ya ɗan ciza, ya gaya maka ko wannan zai yi gashi mai laushi ko zai farfashe ya soki dasashi.

Kayansa hawa uku ne. Na ƙasa shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, itacen da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ya kuma bazu a duk yankin nan. Ita ba ta da tsada: yaro ya hau ya saro rassa masu kaurin ɗan yatsa, a zage ganyen, a yanka tsawon taƙi. Matsalarta kwana biyu ta bushe ta yi tauri, ga ɗaci. A wannan hawan ake sa karan shuwaka, da marke idan an samu daga arewa, da saiwar fasaƙwari mai sa harshe ya yi zuga kamar an lasa barkono.

Na tsakiya shi ne itacen kurmi, namijin goro da danginsa. Wannan ya fi kowane shan wahala kafin ya iso. A cikin kurmin yammacin Ghana da Kodebuwa, har Laberiya, ake sare bishiyar, a ɗauko gungumen a kai zuwa bakin hanya, mota ta kai shi Kumasi ko Accra. Can maza ke datsa shi guntu-guntu da zarto, mata su zauna da adda da ɗan guduma suna faskarawa sili-sili, su ɗaure ƙulli-ƙulli. Wanda ya ga hannun matan nan ya san kuɗin da suke ci halal ne, duk kanta da tabon adda. Daga nan kaya ke bin 'yan sari, su ƙetare iyaka a Aflao, su shiga kasuwannin Lome.

Na sama kuwa shi ne saiwar arak, asuwakin Makka, wanda alhazai ke kawowa tsaraba, yanzu kuma yake zuwa daga Pakistan a rufe cikin leda da danshinsa. Shi ne mai ƙamshin nan mai ɗan yaji. Masu bincike a Suwidin sun gano cewa yajin daga wani sinadari yake fitowa, ɗan'uwan wanda ke cikin mustad, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin cutar da ke zama a gindin haƙori.

Aikin mai kasawa ba ya ƙarewa da sari. Sai ya zaɓe, ya fitar da mai ƙwari da mai gaɓa, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya daidaita tsayi, ya kankare ɓawon baki kamar faɗin farce don mai saye ya samu wurin fara tauna. Ɗanyen kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Iskar Lome ta bakin teku ce, mai laima; daga Afrilu zuwa Yuli, idan ruwa ya zauna, kwana uku sun isa funfuna ta hau ɗauri guda, kuma asuwakin da ya yi funfuna sai murhu. Da hunturu sai abin ya juya, ɗanyen ya ƙeƙashe kafin la'asar.

Lissafin a dala ake yinsa, kamar yadda mutanen Nijar suka saba, dala ɗaya faran biyar. Ƙaramin sili dala biyar ne ko goma, na leda yakan kai ashirin ko fiye. Mu yi misali: ya sari kaya na jikka biyu, ya fitar da sili ɗari, ya sayar dala goma-goma, jikka biyar ke nan. A cire kuɗin zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya ɗauko shi daga kasuwa, da tikitin wuri, da wanda ya lalace, da gyara, don dattijo ba zai sayi uku ya tafi ba tare da an ɗora masa na huɗu ba. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, kuma sili ɗari ba a rana guda yake ƙarewa ba sai Juma'a ko azumi. Da azumi busasshe ne ke tafiya, domin malaman Malikiyya sun karhanta ɗanye ga mai azumi da rana. Shi ya sa da wuya ka ga asuwaki kaɗai a buhun. Akwai kwalli, da allura, da hula, kowane na tallafa wa ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ja ni ga mutumin nan shi ne ƙorafin da ake kawo masa. Mai saye zai dawo ya ce, “Baba, na jiya ya yi tauri, sai da na ga jini.” Wani lokacin gaskiya ne, itacen ne. Sau da yawa kuwa dasashin ne ya kumbura tun da daɗewa, asuwakin ya tona asiri kawai. Kuma wannan jinin da muke tofarwa mu wuce, likitocin zuciya sun fi shekara talatin suna bin sawunsa.

A 1989 wasu likitoci a Finlan suka lura cewa waɗanda bugun zuciya ya kwantar, bakinsu ya fi na sauran mutane lalacewa. A 1993 wani bincike a Amurka da ya bi mutum kusan 10,000 ya nuna masu ciwon dasashi sun fi sauran haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kusan kashi 25 cikin ɗari. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, dasashi mai kumburi tamkar buɗaɗɗen gyambo ne. Duk tauna, ƙwayoyin cuta na samun ƙofar shiga jini, jiki ya zauna cikin faɗa da su shekara da shekaru, wannan faɗan kuma yana lahanta bangon jijiya. An ma samu alamun ƙwayoyin baki a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyi. A 2007 aka gwada mutum 120 a Landan: waɗanda aka yi wa wankin dasashi mai zurfi, bayan wata shida jijiyoyinsu sun fi buɗewa da kyau.

Duk da haka, a 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ja burki. Ta ce alaƙar tana nan, amma ba a tabbatar da cewa ciwon dasashi ne ke haddasa na zuciya ba, domin taba da ciwon suga da tsufa da talauci duk suna kawo biyun tare. A 2019 masana dasashi na Turai da Tarayyar Zuciya ta Duniya suka zauna a Madrid, suka amince a riƙa sanar da mai ciwon dasashi cewa haɗarinsa ya fi na wasu, ya kula da hawan jini da suga da taba. Inda binciken ya sa gaba yanzu shi ne gano ko maganin dasashi yana rage bugun zuciya kansa.

Don haka nake jin zafi idan na ji mai lasifika a kasuwa yana cewa asuwakinsa na warkar da zuciya. Mai buhu a ƙofar masallaci bai faɗi haka ba, kuma ba ya bukata. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da asuwaki inda aka saba da shi, kuma idan an iya riƙe shi yana cire dauɗar gindin haƙori. Iyawar ita ce a tauna har ya yi gashi, a share daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali, a bi ta ciki da turame, a datse tsohon gashin kullum. Mai gurzawa da ƙarfi a kwance dasashinsa yake turawa baya. Dauɗar da ta riga ta daskare ta zama dutse kuwa itace ba ya ciro ta. Sai an je wurin likitan haƙori, irin na babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin.

Damuwar da ke gaban sana'ar a kurmi take. Namijin goro da ɗan'uwansa da ake faskarawa duk sun shiga jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, saboda sara ya fi shuka yawa, kuma bishiyar ba ta saurin girma. Duk lokacin da masu sara suka ƙara nisa cikin daji, ƙullin da ke isowa Adidogomé sai ya ƙara sirancewa. Mai asuwaki ba ya iya ƙara wa talaka kuɗi, sai ya sa wuƙa ya raba sili ɗaya biyu.