Siminti a Kan Jar Ƙasa: Karatun da Ya Rage wa Masu Zanen Gini a Ƙasar Ruma

Wanda ya taso daga Katsina ya nufi Batsari, ko ya biyo ta Dutsin-Ma ya shiga Safana har Runka, in ya lura da gefen hanya zai ga tarihin gini a jere. Ga tsohon soro mai kaurin bango, indararonsa na leƙe. Ga ɗakin jar ƙasa da aka ɗora wa kwano, aka shafe fuskarsa da siminti don ya yi kama da na birni. Can gaba kuma ga ajujuwan firamare na bulo, da fenti da allon kwangila. A cikinsu duka, na ƙarshen ne kaɗai aka zana a takarda, ƙwararre ya sa hannu, hukuma ta biya kuɗi. Sau da yawa kuma shi ke fara nuna gajiya: bango ya tsage daga kusurwar taga, daɓe ya farfashe ya koma rairayi, iskar farkon damina ta yaye rufin ta yar a gonar wani.

Da an ga haka sai a ce ɗan kwangila ya ci kuɗi. Ana ci, babu musu. Amma ko da kowane kwabo ya shiga aikin, akwai wata ɓaraka da ba a cika zancenta ba. Ilimin da mai zanen ya fito da shi daga makaranta ya kwana biyu, kayan ginin da ke kasuwa sun canja, ƙasar da za a ɗora ginin a kanta kuma bai taɓa damƙar ta a hannu ba.

Maganar ta fi nauyi a wannan yanki. Ƙasar Ruma, wadda Sarkin Ruma ke riƙe da ita daga Batsari, da maƙwabciyarta Safana ta Yariman Katsina, suna bakin dajin Rugu ne, sun kuma daɗe suna fama da 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020, a harin ƙauyukan Tsauwa da Dankar, an kashe mutum 30, aka ƙone gidaje da rumbuna. Makarantun ƙauyuka da dama sun zauna a rufe, gini kuwa in babu mutum a cikinsa ba ya jimawa. Duk lokacin da ƙura ta lafa mutane suka fara komawa, aikin farko gini ne. Wani zai zana, wani zai ɗora, kuma iyakar abin da suka sani shi ne iyakar kwanan ginin.

A takarda dai an tanadi hanyar sabunta ilimi. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Nijeriya, NIA, ta kafu tun 1960, hukumar ARCON da ke yi musu rajista kuma doka ta kafa ta a 1969. Suna shirya taruka da bita, ana kuma sa ran mai lasisi ya riƙa halarta yana tara maki. Magina masu digiri suna da tasu hukumar, CORBON, injiniyoyi suna da COREN. Sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Cibiyoyi kam akwai su. Sai dai galibin bitar a zauren otal ake yin ta, a Abuja ko Legas, kamfanoni sun baje tayil da gilashi da fenti, ana nuna manhajar kwamfuta mai zana bene hawa ashirin. Duk ilimi ne, ban raina shi ba. Amma wanda zai dawo ya zana aji biyu da ofis a Wagini ko Zakka, yakan dawo da tambayarsa a aljihu.

Mu fara da siminti. Littattafan da manyan yau suka karanta, a kan tsantsar siminti irin na da aka rubuta su. Galibin wanda ake sayarwa a buhu yanzu an haɗa shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, kuma hawa-hawa ne, lambar tana jikin buhu: 32.5, 42.5, 52.5. A 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ba da umarni cewa 32.5 na shafe ne, 42.5 na bulo da ginshiƙi da zubin bene, 52.5 na gada da makamantanta. An sha ja-in-ja a kan umarnin tsakanin kamfanoni da masana, amma babu wanda ya ce ƙarfinsu ɗaya ne. Duk da haka har gobe za ka ga zane an rubuta 1:2:4 kawai, wato kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ba a faɗi wane siminti ba, ba a faɗi yawan ruwa ba. A wurin ruwan kuwa ake kashe aikin. Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin juyawa da zubawa, amma duk ruwan da ya wuce kima, in ya ƙafe, ƙananan ƙofofi yake bari a cikin kankare. Su ke rage masa ƙarfi, su kuma ba danshi hanya ya kai ga rodi ya sa masa tsatsa.

Bayan an zuba sai lamarin ya juye, yanzu ne kankare ke son ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa ce ke sa siminti tauri. Haɗuwarsa da ruwa ce ke ɗaure shi, sannu a hankali, shi ya sa sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa, ake kuma so a riƙe shi da danshi aƙalla mako guda. To a Batsari yaushe ake gini? Da rani, bayan amfanin gona ya shigo gida, an sayar da rogo, aljihu ya yi nauyi. Wato cikin busasshiyar iskar hunturu, ko cikin bazarar da zafi ke haura digiri 40, daidai lokacin da ruwa ya koma na saye a hannun 'yan garuwa. Ban-ruwa ne abin da ake fara yankewa daga lissafi. Mai zanen da ya san haka zai ware wa ruwa nasa layin a cikin ƙiyasin aiki, ya ce a zuba kankare da sassafe ko bayan la'asar, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko leda. Bulon da aka buga aka shanya a rana ran nan, bayan an ja buhu ɗaya ya haifi fiye da ƙimarsa, da ɗan yatsa za ka murje gefensa. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, jarabar jan buhun sai ƙaruwa take yi.

Tsadar nan ta sa ido ya fara komawa kan ƙasa, kuma a nan giɓin ilimin ya fi faɗi. Je ka tsaya gaban ɗakin jar ƙasa mai shafen siminti, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Za ka ji wani wurin yana amsawa kamar ganga. Shafen ya rabu da bangon ke nan. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, ta ɗan kumbura da damina ta motse da rani, shi kuwa siminti a sandare yake. Sai ya yi 'yar siririyar tsaga, ruwan sama ya shiga ta nan, ya rasa mafita, ya zauna yana jiƙa bangon daga ciki. Daga waje gida tsaf. Ran da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, sai shafen ya zubo gaba ɗaya, wani lokaci har da rabin bangon.

Maginan gargajiya suna da maganin ruwan da ya dace da ƙasa. Akwai makuba, daga kwasfar ɗorawa. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Suna kore ruwan sama, suna kuma barin danshin ciki ya fita, illarsu kawai sai ana sabunta su. Bangon kansa da tubali ake ɗora shi, mai faɗi a gindi yana sirancewa sama, kuma kaurin nan ne ke kawo sanyi: zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa shi, kafin ya iso ciki dare ya yi. Da wannan ilimin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 su ma na ƙasa ne, ga su nan tsaye. Ɗalibin zanen gini yana haɗuwa da su a darasin tarihi, ya ci jarrabawa, ya wuce. Ba kasafai ake koya masa su a matsayin abin da zai iya rubutawa a takardar kwangila ba.

Komawa jiya kuwa ba mai yiwuwa ba ne. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta damunta, amma giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci. Karofi sun mutu a garuruwa da dama, katsi ya zama abin nema. Dajin da ake shiga a samo itace ya zama wurin da ba a shiga. Shi ma mai gida so yake a ce ya yi bulo da kwano, in ka kawo masa zancen ƙasa sai ya ɗauka raina shi ka yi.

A tsallaken iyaka an gwada ciyar da ilimin gaba. Tun daga 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar gini ba tare da itace ba, rufin ƙubba da na baka da bulon ƙasa zalla, dabarar da aka ɗauko daga Nubiya da Iran. A fili ake horon, da hannu. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala wani aiki a 2018: tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo da bulon jar ƙasa da inji ya matse. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka nemo maginan da suka yi tsohon masallacin suka sa su cikin aikin. Tsofaffin suka kawo hannu da ido, masu zanen suka kawo sababbin dabarun kare bango daga zaizaya, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. A Gando ta Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya gina firamare a 2001 da irin wannan bulon, ya ɗaga kwanon sama da silin na ƙasa yadda iska za ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. A 2022 ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gini ta duniya.

A gida ma, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matse bulon ƙasa. Ana tankaɗe jar ƙasa, a sa mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa, a matse. Ba kowace ƙasa ke karɓa ba, amma gwajin farko bai fi ƙarfin kowa ba. A sami kwalba mai haske, a zuba ƙasa zuwa sulusinta, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, lallausar turɓaya ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana yana sauka kafin ya zauna a sama. Washegari za ka ga su layi-layi. In yumɓu ya yi yawa, bulo zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi. In ya yi kaɗan, ba zai kama jikinsa ba. Tsohon magini da tafin hannu yake wannan gwajin: ya jiƙa, ya dunƙula, ya murza, ya ce maka ƙasar wannan kududdufin ta yi, ta wancan ba ta yi ba. Kwalbar tana ba mai zane adadin da zai rubuta, hannun maginin kuma ya riga ta sanin amsa. Ga shi Allah ya hore wa ƙasar Ruma duwatsu. Harsashin dutse da aka ɗaga kusan rabin mita daga ƙasa, tare da bakin rufi mai ɗan tsawo, yana raba bangon ƙasa da ruwan da ke fantsama a gindinsa, wanda shi ke fara cinye shi.

Zancen rufin da iska ke yayewa gajere ne. Iska ɗaga kwano take yi sama, ta fi kuma kama shi a kusurwa da baki. In ba a ɗaure katakon kan bango da langalanga ko rodi a cikin linta ba, ƙusa kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Saura wa za a koya wa. Mafi yawan gidajen Batsari da Safana mai zane bai taɓa ganin su ba, mai gida da birkila ne ke shata ɗaki a ƙasa da taku da igiya. Ko a aikin gwamnati, rashin tsaro kan hana masu duba aiki zuwa, sai a turo musu hoto a waya, hoto kuwa ba ya nuna yawan simintin da ke cikin bulo. In ma sun zo sun yi gyara, amsar a shirye take: “Yallaɓai, ai haka muke yi tun kana makaranta.” Wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, a nan bakinsa ke mutuwa.

Don haka bitar da za ta amfani wannan yanki sai ta tara su wuri guda, a filin aiki: mai zane, injiniyan ƙaramar hukuma, birkila, mai buga bulo, kafinta, da sarkin magina inda akwai shi. Reshen NIA na jiha da kwalejin fasaha ta Hassan Usman Katsina za su iya jan ragamar, ARCON kuma ta lissafa kwanakin a matsayin maki, daidai da na zauren otal. Da Hausa za a yi ta. A ɗauki aji guda da ke jiran gini, a gwada ƙasar wurin, a buga bulo kashi biyu, ɗaya a ba shi ruwa mako guda, ɗaya a bar shi a rana, sannan a sako su daga tsayin kafaɗa a gaban kowa. A rataya ma'aunin zafi a ajin bulo da a ajin ƙasa cikin watan Afrilu, malamin makarantar ya riƙa rubuta abin da ya gani. Inda hanya ba ta da aminci, a yi ta a cikin garin Batsari ko Safana, maginan ƙauyuka su shigo. Lokacinta kuma tsakanin kaka da bazara ne, kafin hadari ya fara haɗuwa, domin da an yi ruwan shuka, birkila da leburansa duk gona za su tafi.