Yadda Likitoci Masu Koyon Tiyata Ke Shirin Jarrabawa

Idan ciwon kaba ya murɗe wa manomi a Karfi, ko zazzaɓin taifot ya huda hanjin yaro, likitan tiyata ake nema, walau a Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, in abin ya faskara a wuce Shika. Saboda haka ya dace jama'a su san irin dawainiyar da ake sha kafin a sami gwani a wannan fanni.

Bayan kammala karatun likita, mai son ƙwarewa yakan shafe kimanin shekara shida yana samun horo a asibitin koyarwa. Hukumomi biyu ke shirya jarrabawar: Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali a 1960. Jarrabawar hawa uku ce: ta share fage a kan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da ilmin cututtuka, sai kashi na ɗaya, sannan kashi na biyu wanda ya haɗa da kundin bincike.

Ga hanyoyin karatun da suka fi amfani:

1. Karatun kullum, ko da sa'a ɗaya ce, domin kwanan asibiti ba ya barin a tara karatu sai gab da jarrabawa.

2. Maimaita darasi bayan 'yan kwanaki. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abu yakan gushe da wuri in ba a yi tilawarsa ba.

3. Rufe littafi a amsa tambayoyin shekarun baya, don a gane inda rauni yake.

4. Karanta bayanin cutar da aka gani a ɗakin tiyata a ranar, tare da rubuta kowane aiki a littafin shaida.

5. Gabatar da bayanin majinyaci a gaban abokai, domin akwai jarrabawar baka.

Ana kira ga shugabannin asibitoci da su riƙa ba da hutun karatu a kan lokaci. Su kuma iyalai su rage wa likitan hidimomin biki da suna idan jarrabawa ta ƙarato, domin nasararsa ta al'umma ce baki ɗaya.